Wane sinadari ne ke sa ɓeran gwaji faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun ilimin magunguna, kuma an ba mu aiki a kan faɗa tsakanin dabbobin gwaji. Wani wuri na ga an ce ƙarancin serotonin ne ke mayar da ɓera mafaɗaci, wani wuri an ce testosteron ne, sai kuma na ci karo da maganar nitirik oksaid. Wanne ne gaskiya, kuma ta yaya ma ake auna faɗan ɓera?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Duka ukun da ka ambata suna da hujja daga gwaji, amma babu wanda za a ɗora wa laifin shi kaɗai. Sinadari ɗaya kan ƙara faɗa a jikin namiji ya rage shi a jikin mace, ko ya ƙara shi idan an taɓa shi tun dabba tana ƙarama, ya rage shi idan an taɓa shi bayan ta girma. Abin lura shi ne a wane sashen ƙwaƙwalwa ya yi aiki, ta kan wane makarɓi (wato furotin da ke karɓar saƙon sinadarin a jikin ƙwayar halitta), da wane adadi, a wane lokaci na rayuwa, kuma da wane irin gwaji aka auna. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin wanda bai san yadda ake awon ba ba zai iya tantance sakamakon ba.

Gwajin mai gida da baƙo

Gwajin da aka fi dogara da shi an gina shi ne a kan halin namijin ɓera na tsare muhallinsa. Ana ajiye baligin namiji a kejinsa, ko dai shi kaɗai na mako uku zuwa huɗu, ko tare da mace. A tsarin da masu bincike na Jami'ar Groningen a Holan suka wallafa a 2013 don manyan ɓeraye (babban nau'in da ake kira rat a Turanci), ana ba namijin keji mai faɗin kusan rabin murabba'in mita, ya zauna da mace aƙalla mako guda. Macen an ɗaure mata bututun ƙwai, don kada ta haihu amma sinadaran jikinta su ci gaba da aiki yadda suka saba. Ba a canza garin katakon da ke ƙasan kejin kafin gwaji, saboda warin fitsarinsa ne ke shaida masa cewa nan gidansa ne. Saura awa ɗaya a fara, sai a fitar da macen. Daga nan a saka wani namiji da mai gida bai taɓa gani ba, wanda bai kai shi nauyi ba, a kunna kyamara, a bar su minti 10. Ana yin haka ne lokacin da aka kashe fitilun ɗakin, a ƙarƙashin jan haske, tunda ɓera da dare yake harkarsa.

Idan manyan ɓeraye ne, mai gida zai fara shinshinar baƙon, gashin jikinsa ya miƙe, ya lanƙwashe gadon bayansa, ya juya gefe yana ture baƙon da ƙugu, kafin su sarƙe suna birgima. Baƙon da ya sallama sai ya kwanta rigingine ko ya ƙame wuri ɗaya. Ƙananan ɓeraye kuwa (ƙaramin nau'in da ake kira mouse a Turanci) suna da wata alama tasu: kafin farmaki sukan karkaɗa wutsiya da sauri, har ka ji tana bugun bangon keji.

Ana ƙirga daƙiƙa nawa aka yi kafin cizon farko, cizo nawa aka yi, da jimillar lokacin da aka ɓata wajen faɗa. Akwai awo na huɗu da ɗalibai kan yi sakaci da shi, alhali ya fi sauran faɗin gaskiya: ina cizon ya sauka? Ɓera mai lafiya yana gargaɗi tukuna, yana cizon baya da ɗuwawu inda fata take da kauri, kuma yana sassautawa da zarar abokin faɗa ya sallama. Wanda ya kauce hanya shi ne mai cizon kai da maƙogwaro da ciki, ba gargaɗi, ko mai far wa mace, ko ma dabbar da aka yi wa allurar barci. Faɗan tsare gida daban, ta'adi daban, kuma sinadaran da ke bayansu ba lallai su zo ɗaya ba. Riƙe wannan, za mu buƙace shi a maganar serotonin.

Saƙon yana farawa daga hanci

Sinadaran saƙo ba gudu ɗaya suke yi ba. Glutamet da GABA suna aiki cikin ƙasa da daƙiƙa, tsakanin ƙwayar jijiya da maƙwabciyarta. Serotonin da dofamin da basofiresin sun fi aikin daidaita ƙarfin amsawar ƙwayoyin, na daƙiƙoƙi zuwa mintoci. Testosteron da danginsa suna shiga har cikin ƙwayar su kunna ƙwayoyin gado, aikin da kan ɗauki awanni ko kwanaki. Akwai kuma saƙon da ke fita daga jikin wata dabba ya shiga jikin wata, kuma a ɓera da shi ake farawa.

A ƙasan ramin hancin ɓera akwai wata 'yar gaɓa mai gane sinadaran jikin 'yan uwansa. A 2002 ɗakin binciken Catherine Dulac a Harvard ya nuna cewa idan aka cire ƙwayar gadon TRPC2, wadda ƙwayoyin wannan gaɓa ke buƙata don aika saƙo, namiji ba ya far wa baƙon namiji, sai ma ya yi ƙoƙarin hawansa. A 2007 kuma rukunin Lisa Stowers ya gano cewa wasu furotin da ke cikin fitsarin namiji, waɗanda ake kira MUP, sun isa su tayar da faɗa. Gwajin mai sauƙi ne: namijin da aka dandaƙe ba a cika kai masa hari ba, amma idan aka shafa masa fitsarin cikakken namiji ko wannan furotin a baya, mai gida zai far masa. Darasin aiki a nan shi ne, duk maganin da ka ga ya rage faɗa, fara tabbatar da cewa bai toshe wa ɓeran hanci ba. Ana ɓoye ɗan abinci a cikin garin katako a ga minti nawa zai ɗauka kafin ya tono shi.

Daga hanci saƙon yana bi ta amigdala ya isa haifotalamus, sassa biyu na can cikin ƙwaƙwalwa. Tun Walter Hess na Zurich, wanda ya sami kyautar Nobel a 1949, an san cewa tsikarar wannan yanki da lantarki na sa kyanwa ta harzuƙa. A 2011 Dayu Lin da David Anderson a Caltech suka taƙaita wurin a ƙananan ɓeraye zuwa wani ɗan lungu da ake kira VMHvl. Sun sa wa ƙwayoyin wurin furotin mai amsa haske, suka zura siririn zaren haske. Da an kunna shuɗin haske, ɓeran zai far wa namiji, ya far wa mace, har safar hannu da aka hura wa iska bai bari ba. A 2014 aka nuna cewa ƙwayoyin da ke wannan aiki suna ɗauke da makarɓin istrojin nau'in alfa (istrojin sinadari ne da aka fi sani da na jikin mata), kuma ƙarfin tsikara shi ke raba gardama: kaɗan, ɓeran ya yi shinshina da hawa, da yawa, ya kai cizo.

Makarɓin istrojin a cibiyar faɗan namiji? Wannan ya kawo mu kan testosteron.

Duk makiyayi ya san bambancin bunsuru da taure, kuma kimiyya ma daga nan ta fara. A 1849 Arnold Berthold a Göttingen ta Jamus ya fiɗiye zakaru, suka daina cara da faɗa. Da ya mayar wa wasu da maraina a cikin ciki, hali ya dawo, duk da babu jijiyar da ta haɗa su da ƙwaƙwalwa. Ashe ta jini saƙon ke tafiya. A 1947 Elizabeth Beeman ta nuna irin haka a ɓeraye: dandaƙa na kwantar da faɗa, testosteron na dawo da shi.

Abin da littattafan aji kan tsallake shi ne cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna aromates da ke juya testosteron ya koma istrojin, kuma babban kaso na aikin ta wannan hanya yake tafiya. Mazan ɓerayen da aka cire wa makarɓin istrojin alfa, a binciken Sonoko Ogawa na 1997, da kyar suke faɗa, duk da testosteron ɗinsu bai yi ƙasa ba. Haka ma waɗanda aka cire wa aromates. Sinadarin kuma sau biyu yake aiki. A kwanakin da ke kewaye da haihuwa yana shimfiɗa hanyoyin jijiya, bayan balaga kuma yana kunna su. Macen ɓeran da aka ba istrojin tana jaririya, idan ta girma takan far wa baƙon namiji.

Kada kuma ka ɗauka yawan testosteron a jini shi ne yawan faɗa. Da zarar ya kai gwargwadon da ake buƙata, ƙari ba ya ƙara cizo daidai da yawansa, kuma ɓeran da ya goge da faɗa kan ci gaba na wani lokaci bayan an dandaƙe shi. Hamstan Sibiriya, wata 'yar dabba dangin ɓera, ma ya fi faɗa a lokacin gajeren yini, daidai lokacin da marainansa suka shanye, testosteron ya faɗi. A nan melatonin da sinadarin DHEA na ƙullin da ke saman ƙoda ne ke da hannu. A ɓeran Kalifoniya kuwa, aikin Catherine Marler ya nuna testosteron na tashi bayan nasara, kuma wannan tashin ne ke taimaka masa ya sake cin faɗa na gaba, musamman idan a gidansa ya ci. Wato faɗan ma yana canza sinadarin.

Serotonin: inda aka fi yin kuskure

Maganar ƙarancin serotonin tana da tushe. Daga ƙarshen shekarun 1970 an riƙa samun ƙarancin 5-HIAA, wato abin da serotonin ke komawa bayan an narkar da shi, a ruwan laka na mutane masu saurin ta'adi, daga baya kuma a birai. A ɓeraye, maganin PCPA da ke hana ƙera serotonin yakan ƙara faɗa. Ɓerayen da aka cire wa Tph2, enzayim ɗin da ke ƙera serotonin a ƙwaƙwalwa, mafaɗata ne sosai. A 1994 ɗakin binciken René Hen a Strasbourg ta Faransa ya cire makarɓin 5-HT1B, sai mazan suka riƙa kai hari da wuri kuma da tsanani. Zuwa nan komai ya tafi daidai.

Sai ga ɓerayen MAOA a 1995. MAOA enzayim ne da ke narkar da serotonin da noradirenalin da dofamin. An sami waɗannan ɓeraye ne a Faransa bisa tsautsayi, lokacin da wata ƙwayar gado da aka dasa don wani aiki daban ta faɗa tsakiyar ta MAOA ta lalata ta. A ƙwaƙwalwar jariransu serotonin ya kai ninki tara na yadda aka saba, amma da mazan suka girma sai suka fito mafaɗata. Shekara biyu kafin haka, a 1993, Han Brunner ya bayyana wani dangi a Holan da mazansu ke da lalatacciyar MAOA tare da saurin fushi da ta'adi. To ga yawa ya kawo faɗa, ga ƙaranci ya kawo faɗa. Ina mafita?

Mafita ta farko tana ga lokaci. Dabbar da aka cire wa ƙwayar gado tun tana ciki, ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya a cikin wannan rashi ta ginu. A ɓerayen MAOA, hatta tsarin ƙwayoyin da ke karɓar saƙon gashin baki a ɓawon ƙwaƙwalwa bai fito daidai ba, kuma yawan serotonin ɗin yana sauka kusa da daidai bayan sun girma. Abin da kake aunawa a baligi tabon gini ne, ba yawan sinadarin ranar gwaji ba. Wani bincike na Jami'ar Columbia a 2014 ya ƙara fayyace abin: toshe MAOA da magani daga kwana 22 zuwa 41 bayan haihuwa ya ƙara faɗa a girma, toshe shi daga kwana 2 zuwa 21 bai yi haka ba, kuma abin da ya kwaikwayi tasirin shi ne ƙara dofamin a wannan tsakani, ba serotonin ba.

Mafita ta biyu tana ga makarɓai. Serotonin yana da makarɓai 14 a gida bakwai, wasu na zuga ƙwayar jijiya, wasu na kwantar da ita. Biyu daga ciki, 5-HT1A da 5-HT1B, suna zaune wuri biyu: a kan ƙwayoyin da ke karɓar saƙo, da kuma a kan ƙwayoyin da ke fitar da serotonin ɗin kansu, inda aikinsu shi ne taka birki. Magungunan da ke kunna waɗannan makarɓai, irin eltoprazine da kamfanin Duphar na Holan ya samar a shekarun 1980, suna rage faɗa sosai ba tare da sun kwantar da dabbar ba. An daɗe ana fassara wannan da cewa an ƙara aikin serotonin ne. Sietse de Boer da Jaap Koolhaas suka gwada S-15535, maganin da ya fi kunna makarɓin birkin, wato yana rage fitar serotonin, sai ga shi shi ma ya rage faɗa. Rukunin Klaus Miczek a Jami'ar Tufts kuma ya zuba maganin baclofen a cibiyar rafe ta ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin serotonin suke, sai faɗa ya ƙaru tare da tashin serotonin a gaban ƙwaƙwalwa.

Fassarar da ta fi dacewa da waɗannan sakamako, a ganina, ita ce a raba abu biyu. Akwai matakin serotonin na yau da kullum, wanda ƙarancinsa ke tafiya da ta'adin da ya kauce hanya, irin na ɓerayen da suka yi ta cin faɗa har suka daina gargaɗi. Akwai kuma ɗan tashin da yake yi na lokaci kaɗan yayin da ake shiga faɗa, wanda yake cikin faɗan al'ada. Wanda ya haɗa su a jimla ɗaya dole ya ga saɓani.

Jinsi ma yana juya lissafin. A namijin hamstan Siriya, Craig Ferris ya nuna cewa zuba basofiresin a gaban haifotalamus na ƙara faɗa, toshe makarɓinsa V1a na rage shi, kuma fluoxetine, mai ƙara serotonin, yana hana basofiresin ɗin aiki. A macen hamsta, rukunin Elliott Albers a Atlanta ya sami akasin haka a wuri guda: basofiresin na rage faɗa, kunna 5-HT1A na ƙara shi. Idan ka sauka zuwa dabbobin da ba su da ƙashin baya, a lobsta (dabbar teku dangin ƙaguwa) da danginsa allurar serotonin na sa wanda aka fi ƙarfi ya ƙi ja da baya, kuma ƙara serotonin a ƙudan 'ya'yan itace na ƙara masa faɗa.

Nitirik oksaid

Wannan iska ce, ba a ajiye ta a jaka kamar sauran masu kai saƙo. Idan kalsiyam ya shiga ƙwayar jijiya, galibi ta makarɓin glutamet na NMDA, enzayim nNOS ya ƙera ta nan take, ta ratsa bangon ƙwayoyin da ke kusa, ta kunna ƙera cGMP, wani ɗan aiken cikin ƙwaya, cikin daƙiƙoƙi ta ɓace. An samar da ɓerayen da ba su da nNOS ne don nazarin wasu abubuwa kamar shanyewar jiki, amma a Jami'ar Johns Hopkins aka lura ana wayar gari da matattu a kejin mazan. Randy Nelson da Solomon Snyder da abokan aikinsu suka bi diddigi, suka wallafa a 1995 cewa mazan suna faɗa fiye da kima, ba sa dainawa ko abokin faɗa ya sallama, kuma suna nacewa hawan matan da ba sa so. Maganin 7-nitroindazole mai toshe nNOS ya ba da irin wannan sakamako a ɓeraye masu lafiya, abin da ya nuna ba tabon gini kaɗai ba ne.

Nan ne abubuwa ukun da ka tambaya suka haɗu. Dandaƙa tana kwantar da faɗan waɗannan ɓeraye, testosteron na dawo da shi. A 2001 kuma aka gano juyawar serotonin a ƙwaƙwalwarsu ta ragu, makarɓan 5-HT1A da 5-HT1B ba sa amsawa yadda ya kamata, kuma ba su 5-HTP, abin da jiki ke ƙera serotonin da shi, ya sauko da faɗan. Cire ɗan uwan nNOS, wato eNOS na jijiyoyin jini, akasin haka ya yi: faɗa ya kusa ɓacewa. Sannan a 2000 wani rukuni a Faransa ya mayar da wannan lahani na nNOS cikin wata zuriyar ɓerayen gwaji mai suna C57BL/6J ta hanyar barbara, sai ƙarin faɗan bai bayyana ba. Ƙwayar gado ɗaya, zuriya daban, hali daban.

Dofamin, giya da sinadarin firgici

Ga wasu ɓeraye faɗa lada ne. Suna koyon danna maɓalli ko cusa hanci a rami don a buɗe musu baƙon da za su ciza, kuma toshe makarɓan dofamin a cibiyar lada, wato akumbens, na rage wannan nema. A wani gwaji na 2003 an sa manyan ɓeraye faɗa a lokaci ɗaya kullum har kwana 10. A rana ta 11 ba a kawo baƙo ba, amma da lokacin ya yi dofamin ya tashi, serotonin ya sauka, bugun zuciya ya ƙaru.

Giya tana ƙarfafa aikin makarɓin GABA-A, haka ma magunguna irin su diazepam. Za ka zaci kwantarwa kawai za su yi, kuma a babban adadi haka ne. Amma a ƙaramin adadi, kamar giram 1.0 na zallar sinadarin giya ga kowane kilo na nauyin jiki, wani kaso na ɓeraye, wajen ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, faɗansu na ƙaruwa ƙwarai, sauran kuma ba sa canzawa ko su ragu. Idan ka haɗa su duka ka ɗauki matsakaici, sai ka ce giya ba ta yi komai ba. Shi ya sa ake auna kowane ɓera da kansa, ranar ruwa da ranar giya.

Kotikosteron, sinadarin firgici na ɓera, shi ma fuska biyu gare shi. Tashinsa na nan take yana ingiza faɗa. Amma József Haller a Budapest ya cire wa manyan ɓeraye ƙullin saman ƙoda, ya dasa musu ƙwayar da ke sakin kotikosteron kaɗan ba hawa ba sauka, sai suka koma cizon kai da maƙogwaro da ciki, gargaɗi ya ragu. Da ƙirgan cizo kawai aka yi, da ba a ga wannan ba.

Inda gwaji kan lalace

Babban tarko shi ne kasala. Haloperidol, maganin taɓin hankali, na rage faɗa, amma yana rage tafiya da shinshina da komai. Ɓeran da ba ya iya tashi ba ya cizo. Dole a ƙirga tafiya da miƙewa da shinshina da gyaran jiki a cikin bidiyon nan guda, kuma a gwada aƙalla adadi uku na magani tare da rukunin da aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai. Maganin da ya cancanci a ce yana rage faɗa shi ne wanda cizo ya sauka a adadin da motsi bai taɓu ba.

Sai zaɓen zuriya. Mazan zuriyar CD-1 da ta Swiss Webster suna faɗa da sauƙi, C57BL/6J kuwa sau da yawa sanyi gare su. Idan kana neman ragi, fara da masu faɗa. Idan ƙari kake nema, kada ka ɗauki waɗanda tun farko suke kai cizo cikin daƙiƙa biyar, don ba sauran wurin hawa. Ɓeran da aka cire wa ƙwayar gado kuma da 'yan cikinsu ɗaya ake kwatanta shi, ba da waɗanda aka sayo daban ba. Keɓe namiji shi kaɗai yana ƙara faɗa, amma keɓewar kanta tana canza serotonin da sinadaran firgici, don haka sakamakonta ba ɗaya ba ne da na wanda ya zauna da mace. Baƙon ma abin kula ne: wanda aka sha duka yana sallamawa da wuri, wanda ya fi mai gida girma yana ramawa, duka biyun suna ɓata ƙirga. Ana juya baƙi tsakanin masu gida, kuma ana fara gwada kowane mai gida sau da dama har faɗansa ya daidaita kafin a ba shi magani, tunda cin faɗa na farko yana rage jinkirin na biyu.

Hanyar ba da magani ma tana da nata matsaloli. Serotonin ba ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, saboda haka allurarsa a ciki ba za ta gaya maka komai game da ƙwaƙwalwa ba. 5-HTP ake bayarwa. Basofiresin da oksitosin ma da kyar suke tsallakawa. Allurar ciki a ƙaramin ɓera yawanci mililita 10 ce ga kowane kilo, kuma kamu da sukar kansu suna tayar da kotikosteron, don haka ana saba wa dabbar da allurar ruwan gishiri kwanaki kafin gwaji. Idan kai tsaye za a zuba a ƙwaƙwalwa ta siririn bututu, adadin bai cika wuce rabin maikirolita ba, a hankali, domin ƙari kaɗan zai malala zuwa maƙwabta. Cibiyar rafe tana dab da magudanar ruwan ƙwaƙwalwa. Bututu ya ɗan kauce, magani ya bi ruwa ya zaga ko'ina. Bayan gwaji ana yanka ƙwaƙwalwar a duba inda bakin bututun ya tsaya, a ware waɗanda suka kauce. Waɗannan da aka ware ma suna da amfani: idan su ba su canza ba, hujja ce cewa wurin ne ke aikin.

Awon sinadarin kansa yana da iyaka. Hanyar tace ruwan ƙwaƙwalwa ta bututu tana tara samfuri ne duk minti 10 zuwa 20, alhali cizo bai kai daƙiƙa ba, don haka tashi da saukar da suka faru a tsakani suna narkewa cikin matsakaici. Sababbin furotin masu ƙyalli idan serotonin ko dofamin ya taɓa su, irin waɗanda ɗakin binciken Yulong Li a Jami'ar Peking ya ƙera, sun rage wannan giɓi zuwa ƙasa da daƙiƙa.

Wanda zai kalli bidiyo ya ƙirga bai kamata ya san wane ɓera aka ba me ba. Mutum ɗaya ya riƙa kama dabbobin daga farko har ƙarshe, domin wani bincike na Jami'ar McGill a 2014 ya nuna warin namijin ɗan Adam kaɗai na tayar wa ɓeraye sinadarin firgici. Wajen lissafi, ɓeran da bai kai hari ba akan rubuta masa daƙiƙa 600, amma wannan ba awo ba ne, iyakar gwaji ce. A yi amfani da lissafin da ake yi wa bayanan da aka yanke, wato waɗanda lokacin gwaji ya ƙare kafin a ga sakamakonsu, ba matsakaici na kai tsaye ba. Kuma tun kafin a fara, kwamitin kula da haƙƙin dabbobi zai nemi a rubuta ƙa'idar tsayarwa: da an ga jini, ko cizo a ciki ko maƙogwaro, ko baƙo ya kwanta ya ƙame amma ba a ƙyale shi ba, sai a zura allon raba su a fitar da shi, a duba raunin, a rubuta daƙiƙar da aka tsaya.